Ku bar aljanu su huta, ku leƙa kicin

Jiya da daddare ƙanwata ta turo min wani labarin ban tsoro da ake yaɗawa a WhatsApp, wai ya hana ta barci. Na karanta shafi uku na ajiye. Tsohuwar tsamiya ce a bakin rafi, da amarya mai kofato, da boka mai jan ƙyalle. Ko gezau ban yi ba. Shekara biyu na yi ina ɗaukar tire a wani gidan abinci a Kano, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban manaja ranar biyan albashi, amarya mai kofato ba za ta ɗaga masa hankali ba.

Marubutanmu na yanar gizo, da ku nake. Kun gaji da maƙabarta da kangon gida, mu ma mun gaji. Ga gidan abinci nan a buɗe, babu abin da labarin tsoro yake nema da babu a ciki: wuƙaƙe, wuta, nama a rataye, firjin da mutum zai shige ya miƙe ƙafa, da ƙofa guda mai raba duniya biyu. A gaba akwai sanyin na'ura da ƙamshi da "sannu da zuwa, ranka ya daɗe". Ka tura ƙofar nan kuma, sai zafi da hayaƙi da ashar. Mai kai abinci shi kaɗai ne ke ratsa ta sau ɗari a wuni, kuma kowane shiga da fita sai ya sauya fuska. Idan wannan ba rikiɗa ba ce, a gaya min sunanta.

Mun taso muna jin cewa maye kurwar mutum yake kamawa ya ɓoye, mutum yana yawo yana gaisawa da jama'a alhali an riga an cinye shi. Ni na ga haka da idona, ba kuwa wanda ke da ƙanƙara a ciki. Akwai wani abokin aikina da kwastoma ya watsa wa miya a riga don an kawo masa kifi maimakon kaza, kuma kuskuren daga kicin ne. Yaron nan murmushi ya yi, ya ce "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji". Ya koma baya ya wanke rigar, ya sa ta a jiƙe, ya fito da murmushin nan dai. Har muka tashi aiki bai sauka daga fuskarsa ba. A cikin adaidaita sahu ma da shi ya zauna, sai da na taɓa shi na ce, kai, an tashi fa.

Wani zai ce to a rubuta gaskiyar mana, me ya kawo dodo da barkwanci? Na gwada. Ka rubuta kukanka tsagwaronsa, amsar da za ka samu ita ce "ka gode wa Allah kana da aikin yi", a wuce. Ka mai da shi abin dariya zalla, sai a yi wa yaron dariya, shi ne sakarai mai fasa faranti. Amma idan ka gauraya su, mai karatu zai fara ƙyalƙyala, can tsakiya ya lura cewa dodon da ke zaune a tebur yana tafa hannu yana kiran "kai, zo nan", irin hularsa ce a kansa. Nan dariyar take maƙale masa a wuya, kuma nan nake so a kai shi.

Ba ma sai an ƙirƙiro mugunta ba, doka ta tanadi nata kason. A watan Yulin 2024 aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ku ƙirga gidajen abinci nawa ne a unguwarku suka kai haka. A Amurka kuwa, inda ma'aikaci ke rayuwa da tukwicin kwastoma, dokar tarayya ta yarda a biya shi dala 2.13 a awa, kuma tun 1991 adadin bai motsa ba. Can murmushi haja ce, farashinta a hannun mai ci. Mu nan tukwicin ma sai wanda Allah ya taɓa zuciyarsa. A inda na yi aiki, rasit yana ɗauke da harajin kashi 7.5 da wani "kuɗin hidima", amma mu masu hidimar ba mu taɓa ganin launinsa ba.

Sai littafin manaja. Faranti ya fashe, a rubuta. Ka makara don ruwan sama, a rubuta. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da kowa ya koma tiransfa, mutum zai ci ya sha, ya nuna maka waya ya ce "na tura", ya shiga mota. Alat bai zo ba, a rubuta a sunanka. Akwai watan da aka gama lissafi, wata yarinya mai wanke-wanke ta tarar ita ce ake bi.

To ga labari kyauta, wanda ya iya alƙalami ya ɗauka. Sabon yaro ya kama aiki a gidan abincin da ba a taɓa jin wani ya bari ba. Yana mamakin yadda tsofaffin ma'aikata ba sa gajiya, ba sa cin abinci, ba sa neman hutun Sallah. Ranar da ya leƙa littafin manaja sai ya ga ashe sun daɗe da rasuwa, bashin faranti ne bai ƙare ba, shi ya sa suke zuwa aiki. Madam kuma tana yabonsu a gaban baƙi, tana cewa yaran da ne, ba irin na yanzu masu son jiki ba. A ƙasan shafin ya ga sunansa, an riga an cire masa kuɗin riga da na cokalin da zai ɓatar a mako mai zuwa.

A sa labarin a cikin azumi, minti goma kafin kiran sallar magariba, tebur ashirin kowa na ɗaga hannu, yaron yana rarraba dabino da kunu da ƙosai, bakinsa a bushe tun asuba. Ni dai nakan sha ruwa ne a tsaye bayan ƙofa, wajen ƙarfe takwas, idan manaja ya shiga bayi.

Na tura wa ƙanwata wannan ɗan tsarin da safe. Ta ce bai ba ta tsoro ba, amma ta tambaye ni ko gaske ne ana cire kuɗin cokali.