Tsadar buhu ba ita ke ƙosar da kwikwiyo ba

Na san wasu za su ce, Malam, mutane na neman hatsin tuwo kai kana zancen abincin kare? Na ji, kuma gaskiyarku. Amma mu da ke da garka bayan gari nan Tawa mun san abin da kare ke tsare muna cikin dare, kuma dabbar da ka ɗaure haƙƙinta na wuyanka, to ku bar ni in yi zancena.

Bara wani abokina Buzu daga wajen Abalak ya kawo mini kwikwiyo irin na Azawak, masu dogayen ƙafafun nan da siririn ciki. Ƙanena da ke Yamai da ya ga hoto sai zumuɗi ya kama shi, ya shiga wani babban butik ya sayo buhun kiroket, busasshen abincin kare, na ƙasar waje, kuɗin da ya biya da hatsi ya auna da mun kwana biyu muna ci, ya sa a mota ya aiko. Wai Yaya wannan shi ne lamba ɗaya, Turawa ma shi suke ba nasu. Na buɗe buhu sai wani wari ya bugo ni kamar na man gyaɗar da ya shekara a kwalba, na ce ƙila haka abin yake tunda ban saba ba. Kwikwiyo ya sunsuna ya kau da kai, da yunwa ta matsa shi ya ci, kwana biyu sai zawo. Ba zan faɗi sunan buhun ko butik ɗin ba, don ban ga laifin masu yin shi ba. Da na kai wa likitan dabbobi, bai ko dubi hoton karen da ke gaban buhun ba, juya buhun ya yi ya nuna mini kwanan wata, saura 'yan makonni ya lalace. Ya ce akwai kitse cikin abincin nan, kitse kuwa ba ya shiri da zafi, ka tuna ranar watan Afrilu da Mayu ta garin ga, ka tuna kwana nawa kaya ke yi bisa kamiyo.

Nan ne fa maganar take. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ke shigowa ta Kwatano da Gaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, ga kuɗin mota ga duwan ga ribar mai butik, duk a kanka za su sauka. Wato yawancin abin da ka biya tafiya ka biya, ba abin da zai shiga cikin kwikwiyo ba. Sauran kuma suna ne. Cikin sunayen abincin kare, mutane nawa suka san Royal Canin da Pedigree duk na kamfanin Mars ne, Pro Plan da Friskies kuma na Purina ne wanda Nestlé ta saye a 2001? Gida ɗaya ke fitar da na mai hali da na talaka. Kuma a 2007 da aka samu gubar melamin cikin abincin karnuka da kyanwoyi a Amurka, wadda ta shiga ta wani sinadarin alkama da aka sayo daga Sin, kayan da aka janye daga kasuwa har da masu tsadar, guba ba ta duba farashi ba.

Kar a fahimce ni bai-bai, ban ce ku ruga wajen mai araha ba. Wanda ake buɗe buhu ana aunawa da tiya a bakin kasuwa, ba suna ba kwanan wata, wallahi ko kyauta aka ba ni ba na so. Galibinsa masara ce, masara kuwa in ta sha danshi tana yin fumfuna mai gubar aflatoksin da ke cin hanta, karnuka da yawa sun mutu da ita a Amurka ƙarshen 2020. Kuma wani mai tsadar da gaske ya fi narkewa a ciki, kaɗan za ka zuba ya ƙoshi, kashinsa ma kaɗan ne kuma da tauri. Shi ya sa lissafin da nake yi yanzu na kwana ne, buhun nan kwana nawa zai kai ni, in raba kuɗin.

Abin da likitan ya koya mini bai fi minti biyar ba. A ga an rubuta aliment complet, wato cikakken abinci, kuma chiot ko junior, wato na kwikwiyo, don na babban kare bai ishi kwikwiyo mai tasowa ba. A duba protéines brutes, wato yawan sinadarin gina jiki, ƙa'idar Amurka ga kwikwiyo kashi 22.5 cikin 100 ce mafi ƙaranci, ta Turai 25 ga wanda bai kai sati 14 ba. A duba mi aka fara lissafawa cikin kayan haɗi, don abin da ya fi yawa shi ke zuwa farko. Sai kwanan wata, sai hancinka. In za ka canza abinci kuma ka riƙa gauraya tsoho da sabo kamar sati guda, ni ma nan na yi kuskure, rana ɗaya na ɗauke shi daga nono da hura na zuba mishi kiroket.

Ai makiyayan Azawak da suka riƙe irin karen nan tun kaka da kakanni ba su san buhu ba, nono ne da hatsi da abin da aka samu na farauta. Sai dai mu 'yan gari in mun ce abincin gida sauran miya muke nufi, miyarmu kuwa albasar Galmi ce fal, albasa tana fasa jinin kare, dafaffa ko ɗanya. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji. Wani kuma don ƙauna tsokar nama zalla zai yi ta ba kwikwiyo, nama ba shi da kalsiyam isasshe, sinadarin da ke gina ƙashi, sai ka ga ƙafafu sun lanƙwashe ana cewa sammu ne. Sannan ko buhun zinariya ka saya, in tsutsar ciki na nan ita kake kiwo, maganin tsutsa da allurar rigakafi, musamman ta haukan kare da ta zawon jinin nan mai kashe 'yan kwikwiyo, su ya kamata su fara cin kuɗinka.

Yanzu matsakaicin buhu nake saye, ƙarami don kar ya daɗe a buɗe, in ɗaure bakinsa in aje a ɗakin da ya fi sanyi. Maƙwabta na cewa ina kashe kare da yunwa don suna ganin haƙarƙarinsa, alhali haka Allah ya yi irinsu, gashinsa na sheƙi kuma ko babur bai cika tsere mishi ba. Shekaranjiya ƙanen nawa ya sake kira wai ya ga wani sabon buhu da ya fi wancan tsada, ya aiko? Na ce mishi juya shi ka ɗauko mini hoton bayansa ta WhatsApp tukuna. Har yanzu ina jiran hoton.