Wa ya zaɓi littattafan da ke kan teburin gaba?

Duk lokacin da na shiga kantin littattafai, kafin in ɗauki ko da littafi ɗaya, nakan ɗan tsaya a gaban teburin nan da ke fuskantar ƙofa, inda ake jera sababbin littattafai bangonsu yana kallon sama. Na daɗe da fahimtar cewa wannan tebur shi ne yake faɗa wa mutum irin kantin da ya shigo. A wani wuri, wanda ya jera littattafan yana tsaye nan kusa, kuma idan ka tambaye shi dalilin da ya sa ya fifita wannan a kan wancan zai ba ka amsa. A wani wurin kuwa takarda ce ta zo daga hedikwata, mai ɗauke da sunan kowane littafi da gurbin da za a ajiye shi, kuma wannan takardar ce aka aika wa ɗaruruwan rassa a rana ɗaya. Musun da ake yawan yi tsakanin masu son manyan kamfanonin littattafai masu rassa da masu kare ƙananan shaguna masu zaman kansu, a ganina, a kan wannan tebur ya kamata a yi shi, amma galibi sai a ɓuge da maganar girman gini da ƙamshin tsohuwar takarda.

Ni dai zuciyata tana wajen ƙananan shaguna, ba zan ɓoye ba. Sai dai ina ganin masu kare su suna yawan yi wa manyan kamfanonin rashin adalci, kuma zan fara da biyan wannan bashi. Ina matashi na taɓa shiga wani ƙaramin shago da ake yabo ƙwarai, na tambayi mai shi wani littafin labari mara nauyi, irin wanda ake karantawa don a huta. Ya ɗago kai daga abin da yake karantawa, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce shi ba ya ajiye irin waɗannan. Bai zage ni ba, amma na fita kamar wanda aka kama da laifi, kuma na yi shekaru ban koma ba. A babban kanti mai rassa kuwa babu wanda ya san ni, babu wanda ya damu da abin da na ɗauka. Nakan zauna a ƙasa tsakanin kantoci in karanta babi guda, in mayar, in ɗauko wani, har a fara rage fitilu. Mutane da yawa da suka zama masu karatu na haƙiƙa a irin wannan wuri suka koya, domin mai jin kunya da wanda bai san sunayen marubuta ba suna buƙatar inda za su yi lalube ba tare da ido a kansu ba. Haka kuma akwai garuruwa da unguwanni masu yawa a duniya waɗanda ba su taɓa samun kantin littattafai na kirki ba sai da reshen wani babban kamfani ya buɗe, ya zo da dubban littattafai a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Shi kansa tarihin manyan kamfanonin yana nuna cewa ba daga sama suka faɗo ba. Borders, wanda ya taɓa zama na biyu a girma a Amurka, wasu 'yan'uwa biyu ne, Tom da Louis Borders, suka fara shi a matsayin ƙaramin shago a garin Ann Arbor na jihar Michigan a 1971, kuma abin da ya ɗaga shi shi ne tsarin lissafin haja da suka ƙirƙiro, wanda yake nuna musu abin da mutanen kowane wuri suke saye. Wato da sanin mai saye ya girma. Daga baya ne girman ya zo da nasa hali.

Halin kuwa shi ne a tattara zaɓi a hannun mutane ƙalilan. A babban kamfani, ma'aikaci ɗaya a hedikwata yana iya zama mai sarin littattafan labari na dukan rassa, wani na tarihi, wani na yara. Idan wannan mutum ya ce wani sabon littafi bai yi masa ba, to an rufe wa marubucin ƙofar ɗaruruwan kantuna a zama ɗaya, kuma kamfanin ɗab'i da ya san haka zai fara auna abin da zai buga da ma'aunin wannan mutum tun kafin a kai ga injin. Wannan bai ishe su ba, sai aka mayar da teburin gaba da tagar kanti wurin haya: mawallafa, wato kamfanonin ɗab'i, suna biyan kuɗi domin a ajiye littafinsu inda ido zai fara sauka. Mai karatu yana shigowa yana zaton shawara ake ba shi, alhali talla yake kallo. Babu laifi a talla idan an san talla ce, amma wannan ba a rubuta ta a ko'ina, kuma ƙananan mawallafa da ba su da kuɗin haya sai littafinsu ya tafi can kanta ta ƙasa, a tsaye, ba a ganin komai nasa sai siririn gefe.

Akwai kuma wata al'ada ta wannan sana'a da masu saye da yawa ba su sani ba, ita ce mayar da kwantai. A kasuwannin littattafai na Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe, mai kanti yana da damar mayar wa mawallafi duk abin da bai sayar ba, a cire masa daga bashi. An yi haka ne domin a ƙarfafa masa guiwar ɗaukar littafin marubucin da ba a sani ba. Amma idan aka haɗa wannan dama da sari daga hedikwata, sakamakon yakan zama ɓarna: a yi odar dubban kwafi domin a tara su kamar dala a gaban kowane reshe, bayan 'yan makonni a kwashe abin da ya rage a mayar, a niƙa da yawa daga ciki a sake yin takarda. Marubucin da wannan ya faɗa wa yakan ɗauki tabon har zuwa littafinsa na gaba, domin kwamfuta ta riga ta rubuta cewa ba ya sayuwa, ko da kuwa laifin na wanda ya yi odar da ta wuce kima ne.

Makamin da manyan kamfanoni suka fi yaƙar ƙananan shaguna da shi dai farashi ne, kuma a nan ne doka ta raba ƙasashe gida biyu. A Birtaniya, tun daga 1900 akwai yarjejeniya tsakanin mawallafa da masu kantuna cewa ba za a sayar da sabon littafi ƙasa da farashin da mawallafi ya yanka ba. Yarjejeniyar ta wargaje a 1995 lokacin da wasu manyan mawallafa suka janye, kotu kuma ta soke ta a 1997. Daga nan manyan kantuna, har da kantunan kayan masarufi, suka shiga karya farashin littattafan da suka fi farin jini, wani lokaci har ƙasa da yadda ƙaramin mai shago yake saro su. Wanda bai san ciki ba zai ce ai mai karatu ne ya ci riba, kuma a kan wannan littafi guda ɗaya haka ne. Sai dai ribar littafin da kowa yake nema ita ce take riƙe da kundin waƙoƙi da littafin tarihi da fassarar da za su yi wata shida a kanta kafin mai su ya zo. Idan aka ƙwace wa ƙaramin shago wancan ciniki, an bar shi da haja mai nauyin tafiya kaɗai, ga haya ga albashi. Faransa ta bi wata hanya dabam: a 1981, zamanin da Jack Lang yake ministan al'adu, ta kafa dokar farashi ɗaya, wadda ta hana a yi wa sabon littafi ragin da ya wuce kashi 5 cikin 100, ko a babban kanti ko a ƙarami. Jamus ma tana da irin wannan tsari. Inda farashi ya zama ɗaya, gasar sai ta koma kan wa ya fi sanin littafi da wa ya fi iya karɓar baƙo, kuma a wannan fage ƙaramin shago yana da abin faɗa.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Manyan kamfanonin da suka koya wa masu karatu cewa kanti mai kyau shi ne mai yawan haja da arha, su ne suka fi jin jiki da Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet a 1995, domin babu ginin da zai ɗauki abin da rumbunan Amazon suke ɗauka, babu kuma reshen da zai iya karya farashi kamarsa. Borders ya miƙa wa Amazon ɗin cinikinsa na intanet a 2001, ya durƙushe a 2011, aka rufe rassansa na Amurka baki ɗaya. Ƙananan shagunan da kowa ya gama yi wa ta'aziyya kuwa sai suka fara farfaɗowa: shagunan da ke cikin ƙungiyar masu sayar da littattafai masu zaman kansu ta Amurka sun tashi daga 1,651 a 2009 zuwa 2,470 a 2018. Abin da suke sayarwa, wato zaɓin mutum mai rai da wurin haɗuwa da marubuta da sauran masu karatu, ba abu ne da ake sa wa a kwali a aiko ba.

Labarin da ya fi tabbatar mini da ra'ayina shi ne na James Daunt. Mutumin nan ƙaramin shago ya buɗe a Landan a 1990, inda ya jera littattafai bisa ƙasar da suke magana a kanta, ta yadda wanda zai yi tafiya zai tarar da littafin jagora da tarihi da labaran wannan ƙasa a kanta ɗaya. A 2011 aka danƙa masa Waterstones, babban kamfanin littattafai na Birtaniya, a lokacin da yake dab da bin sawun Borders. Abin da ya yi ya saɓa wa duk abin da aka saba: ya daina karɓar kuɗin mawallafa na hayar tebur, ya soke garaɓasar nan ta a sayi uku a biya kuɗin biyu, ya kuma mayar wa ma'aikatan kowane reshe ikon zaɓar abin da za su jera da inda za su jera shi. Kwantan da ake mayarwa ya ragu ƙwarai, kamfanin kuma ya dawo cin riba. A 2019 aka ƙara masa Barnes & Noble na Amurka, ya maimaita dabarar, har kamfanin ya koma buɗe sababbin rassa. Masu son manyan kamfanoni suna kawo wannan a matsayin hujjarsu, ni kuwa ina ganin hujjata ce, tunda babban kanti bai tsira ba sai da ya ari halin ƙarami.

Amma aro aro ne. Waterstones da Barnes & Noble duka suna hannun kamfanin zuba jari guda, Elliott, wanda ya sayi na farko a 2018, na biyu a 2019. 'Yancin da mai kula da reshe yake da shi yau kyauta ce daga sama, kuma ranar da aka sauya shugaba, ko aka sayar da kamfanin ga wanda yake ganin hayar tebur kuɗi ne da aka bari a ƙasa, takardar hedikwata za ta iya dawowa cikin mako guda. Mai ƙaramin shago ba ya jiran izinin kowa, sai dai shi ma yana da nasa ubangidan, wato mai gidan haya, kuma zaɓinsa yana iya zama ƙunci idan ya ɗauki son ransa a matsayin ma'aunin kowa, kamar mai tabaran nan da ya kore ni da ido.

Akwai wani abu da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya. A 2017 aka yi ta cece-kuce a Birtaniya bayan an lura cewa Waterstones ya buɗe wasu ƙananan kantuna a garuruwa irin su Southwold da Rye da sunaye na gida, waɗanda mai wucewa zai ɗauka na wani ɗan garin ne. Kamfanin ya ce bai ɓoye komai ba, akwai sanarwa a jikin taga, kuma kantunan suna aiki ne yadda mai zaman kansa zai yi. Na yi ta juya maganar a raina. Idan matar da ke tsaye a bayan kanta ita ce ta karanta littafin, ita ce ta rubuta 'yar takardar nan da hannunta ta maƙala a ƙarƙashinsa tana cewa babi na uku ya hana ta barci, to ta yi mini duk abin da nake nema a wajen mai sayar da littafi, ko da wa yake biyan ta albashi. Duk da haka, da ni ne na shiga na yi sayayya da niyyar tallafa wa ƙaramin ɗan kasuwa, na fito sannan na ga sanarwar a kusurwar taga, da raina ya sosu, kuma da na koma ciki na tambaye ta ko ita ce ta jera teburin gaba.