"Ka ɗauko na ɗaliban bara ka canza lambobi"

Ranar Talata ana sallame sallar asuba na kama hanyar Dadin Kowa da kwalabe goma sha biyu da kula cike da ƙanƙara. Furojet ɗina na aji huɗu a jami'a a kan ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan da mutanen bakin dam ke sha ne. Duk wanda ya karanta bayoloji ya san wannan ruwa ba ya jira: cikin 'yan sa'o'i za ka shuka shi a farantin gwaji don ƙwayoyin su tsiro ka ƙirga, in ka bari ya kwana, abin da za ka ƙirga na kwalba ne, ba na kogi ba. Kafin azahar na dawo Gombe, laka har gwiwa, na tarar da lab, wato ɗakin gwaje-gwajenmu, a garƙame.

Sai bayan la'asar mai kula da ɗakin ya ɓullo yana sakace haƙori. Na rusuna.

"Baba, barka da yamma. Ga samfurin da muka yi magana makon jiya."

"Muka yi magana? Ni da wa?"

Na tuna masa shi ya ce in zo Talata. Ya dubi kular, ya dubi ƙafafuna, ya ce kar in kuskura in shigar masa da taɓo. Na cire takalmi. Ya buɗe ƙofa a hankali kamar mai buɗe baitulmali, ya danna makunni sau biyu don in gani da idona.

"To, ka gani. Babu wuta."

"Janareta fa, Baba?"

"Ubanka ne zai zuba masa mai?"

Na haɗiye. Na ce ai minti 15 kawai tukunyar kashe ƙwayoyi ke buƙata in ta kai digiri 121, sai kuma inkubeta, akwatin ɗumin da ƙwayoyin ke tsira a ciki, ta riƙe digiri 37 zuwa gobe. Ya yi dariya har da tafi, wai yau ga farfesa ya zo koya masa aikin da yake yi tun ban san hanyar makaranta ba. Na tambaya, kuɗin lab da muke biya duk shekara fa? Ya ce in je in tambayi wanda na damƙa wa. Daga nan ya sassauta murya, irin ta uba mai tausayi:

"Kai yaro, ka cika wahalar da kanka. Je laburare ka ɗauko furojet ɗin ɗaliban bara, ka canza lambobi. Wa zai duba?"

Wallahi zagin ubana bai yi mini ciwo kamar wannan nasihar ba. Madalla, Baba, Allah ya ƙara basira! Ashe shekara huɗu ina haddace rabe-raben halittu don in ƙware a kwafe ne. Na ce huɗu? Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye mana wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba. Mu goma sha muke layi a kan madubin duba ƙwayoyi guda, wanda ya leƙa ya ga duhu sai ya zana abin da ke cikin littafi. Safar hannu, auduga, garin agar da ake shuka ƙwayoyi a kai, har faranti, duk daga aljihun mahaifiyata mai sayar da ƙosai suka fito.

Shi ma dattijon, in don Allah za a faɗa, ba shi ya kashe zomon ba, rataya aka ba shi. Dam ɗin da na ɗebo ruwan nan akwai tashar lantarki mai megawat 40 a jikinsa, amma ɗakin da zan auna ruwan babu ko ƙwan fitila mai ci. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kunna janareta ya zama sai ranar da manyan baƙi za su zo. Masu mulki sun tura nasu 'ya'yan Ingila da Malesiya, sannan su hau mumbari ranar yaye ɗalibai su ce matasan yanzu ba su iya komai ba. Ina za mu iya? Ku kuka koya mana canza lambobi, gobe mu ne za mu auna jinin jama'a a asibiti da ruwan da za su sha, mu sa hannu mu buga hatimi.

Ƙanƙarar ta narke tun kafin magariba. Kwalaben na nan ƙarƙashin gadona, sun fara wari. Na ranci kuɗin mota wajen yayana, Asabar zan sake komawa Dadin Kowa, kuma mu biyar mun yi karo-karo za mu saya wa jami'a mai.