Zaman carki da saniya ba kullum riba ba ce

Yana damuna yadda ake ɗauka cewa duk halittu biyun da ke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, kullum kowa riba yake ci. Masu wannan ra'ayi suna da hujja, don kowa ya ga carki a doron saniya yana cire mata kaska.

Sai dai masana da suka ɗora kan lissafin da Lotka da Volterra, wasu masana kimiyya biyu, suka tsara a shekarun 1920 kan yadda hulɗar halittu ke ƙara ko rage yawansu, suna auna abu biyu ne: amfanin da kowane ɓangare ya samu, da asarar da zaman ya jawo masa. Idan kaska ta yi yawa, saniya ce da riba. Idan ta yi ƙaranci, asara ke rinjaye, domin carkin kan koma kan miki, yana tono yana shan jini, ciwon ya daɗe bai warke ba.