Don Allah kada ku cire masa takalmin nan

Ranar da ƙanwata ta haihu, ƙafafun yaron duka biyu a murɗe suke, tafin yana kallon ciki, dunduniya ta ɗage sama. Kafin ranar suna kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Wasu suka ce irin kwanciyar uwar ce lokacin goyon ciki, wasu suka ce iska, wata ta rantse shan inna ne. Ba ko ɗaya. A cikin jarirai 1,000 akan sami kusan 1 da ake haifa haka, kuma uwa ba ta da laifin komai.

Yana da sati biyu muka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala. Duk mako a juya ƙafar a hankali, a ɗaura siminti tun daga yatsu har cinya. Bayan na shida aka yi ɗan yanka a agara, siminti na ƙarshe ya yi mako 3. Wannan ita ce hanyar Ponseti, likita ɗan Sifaniya da ya ɓullo da ita a Jami'ar Iowa ta Amurka, kuma sama da 90 cikin 100 na yaran ƙafarsu tana miƙewa.

Abin da ya sa na ɗauki wayar nan shi ne abin da ke biyo baya. Ana ba yaro takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe, awa 23 kullum har wata 3, daga nan sai lokacin barci har ya kai shekara 4 ko 5. A nan iyaye ke sarewa. Ƙafa ta miƙe, yaro na tsala kuka, goyo ya zama wahala. Na ji da kunnena gwaggonmu tana cewa, "Haba 'yar nan, ba ya warke ba? Ki tausaya masa mana." Ƙanwata ta kira ni cikin dare tana kuka: "Yaya, na gaji wallahi."

Tausayin gwaggo na gaskiya ne, amma ƙafar nan in an saki takalmin komawa take yi. A layin asibiti na ga yarinya 'yar shekara uku tana taka gefen ƙafa, wurin har ya yi kanta, za a sake mata siminti daga farko. Shi ya sa nake kira ga maza musamman: ku tsaya wa matanku a gaban dangi, ku karɓi ɗaurin igiyar takalmin da dare.

Namu yanzu shekararsa uku. Yini yake yana guje-guje a tsakar gida, da an yi isha'i kuma babansa ya ɗauko takalmin.