Nasiha ga Matasan Malamai Masu Binciken Himmar Ɗalibai

'Yan'uwa matasan malaman jami'a da masu digiri na biyu da na uku a tsangayar ilimi, da yawanku kun zaɓi binciken abin da ke sa ɗalibi ya dage da karatu ko gwiwarsa ta yi sanyi. Fanni ne mai albarka, amma aikin gaggawa ya yi masa yawa: a raba takardar tambayoyi a aji guda, a zuba amsoshi a manhajar ƙididdiga ta SPSS, a tura wa mujalla don neman ƙarin girma. Don Allah kada ku gina sunanku a kan wannan.

Ku fara sanin abin da kuke aunawa. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester a Amurka sun bambanta mai karatu don abin ya shiga ransa da mai yi don maki ko tsoron faɗuwa. Sun ce buƙatu uku ke ciyar da na farkon: ɗalibi ya ji yana da zaɓi, ya ji ya iya, ya kuma ji ana tare da shi. Tun 1971 Deci ya nuna cewa ɗaliban da aka biya kuɗi su warware wani wasan wasa ƙwaƙwalwa sun rage sha'awarsa da aka daina biya. Saboda haka tambayar "kana son karatu?" ba ta auna komai, kowa zai ce i.

Idan za ku ɗauko MSLQ, ma'aunin himma da dabarun karatun ɗalibai da Paul Pintrich da abokan aikinsa suka fitar a Michigan a 1991, ku tuna tambayoyi 81 ne, kuma don ɗaliban Amurka aka tsara shi. Ku gwada shi tukuna a kan ɗalibai kamar 30 da ba sa cikin ainihin binciken, ku fitar da alfa na Cronbach, wato lambar da ke nuna ko tambayoyin sashe guda sun dace da juna, ga kowane sashe daban. Sashen da ya gaza 0.7 a sake duba shi. In kun fassara shi da Hausa, wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci, a kwatanta.

Babbar ɓarna ita ce malami ya raba tambayoyin da hannunsa. Wane ɗalibi ne zai rubuta cewa lakcarka ba ta burge shi alhali makinsa na hannunka? A ba wani ya raba, ba suna, ba lambar rajista. Kowa ya ƙirƙiri lambar sirri da zai maimaita. A auna sau biyu, mako na 2 da na 12 na zangon karatu, ban da satin jarrabawa, lokacin da tsoro ke shigar burtu ya zama himma. Sannan waɗanda ba su zo aji ranar ba, galibi su ne ainihin mutanen da kuke nema, kuma ba sa cikin alƙalumanku. Ku bi sahunsu, ku haɗa da rajistar halarta da ta miƙa aikin gida. Idan dogon yajin aiki ya ratsa tsakani, irin na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na wata takwas a 2022, ku faɗa a rahoton, domin aji ɗin da ya dawo ba wanda ya tafi ba ne.

Ganin masu himma sun fi maki ba hujja ba ce cewa himmar ce ta kawo makin. Sau da yawa cin jarrabawar farko ne ke ƙara wa yaro ƙwarin gwiwa.

Kafin ku tura wa mujalla, ku nemi sunanta da kanku a kundin mujallun da aka tantance na Scopus ko DOAJ. Wadda ta yi alƙawarin bugawa cikin mako guda da zarar an biya, kwamitin ƙarin girma na iya ƙin lissafa ta, ga kuɗinku sun tafi.