Injin Gudun Alhaji da Taku 10,000

(Falon Alhaji ne a Kano, bayan sallar la'asar. An ɗauke wuta tun safe, janareto yana ruri a tsakar gida, Alhaji kuwa yana kan sabon injin gudunsa, sanye da singileti da wandon shadda da hula, yana haki. Ɗansa, wanda ake kira Ɗan Boko domin bai taɓa amsa tambaya a taƙaice ba, yana zaune yana latsa waya. Sai ga Baƙauye, taubashin Alhaji, ya shigo da buhun gyaɗa a ka.)

BAƘAUYE: Salamu alaikum. Subhanallahi, Alhaji, wane ne ya biyo ka har cikin falonka, kuma me ya sa duk wannan saurin da kake yi har yanzu ba ka kai bakin ƙofa ba?

ALHAJI: Alaikumus salam, Tanko. Babu wanda ya biyo ni. Likita ne ya ce jinina ya hau, suga ma ya fara leƙowa, saboda haka dole in riƙa tafiya kowace rana, ni kuma na ga bai dace mutum kamata ya riƙa yawo a ƙafa cikin unguwa ba, kada a ce karayar arziki ce ta same ni.

BAƘAUYE: To, yanzu ina ka nufa?

ALHAJI: Allon da ke gabana ya ce na yi kilomita 2.

BAƘAUYE: Ni kuwa da idona na ga ba ka bar gaban talabijin ba. Mun san sannu ba ta hana zuwa, amma yau na ga tafiyar da ko sauri ba ya kai ta ko'ina, kamar akuya a turke.

ƊAN BOKO: Kawu, shimfiɗar robar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ce take gudu zuwa baya, shi kuma dole ya yi gaba domin kada ta watsar da shi. Abin da zai fi ba ka mamaki shi ne, kakan wannan injin a gidan yari aka haife shi. A shekarar 1818 wani injiniya a Ingila mai suna William Cubitt, wanda ubansa mai injin niƙa ne, ya ga fursunoni suna zaman banza, sai ya ƙera wata doguwar ganga mai matakala a jikinta, wadda fursunoni fiye da 20 za su jeru a kai, su riƙe ƙarfe, su yi ta takawa gangar tana juyawa, kowace matakala suka hau sai ta nutse wata ta taso.

BAƘAUYE: Tsaya, ɗana, in fahimta. Mutum yana hawa, amma ba ya isa sama?

ƊAN BOKO: Ba ya isa ko'ina, Kawu. Akwai waɗanda suke shafe awa 6 a rana a kai, ganduroba yana tsaye a bayansu, kuma a wasu gidajen yarin har katako aka gitta tsakanin fursuna da fursuna don kada su sami damar hira. A kurkukun Brixton da ke kudancin Landan ana amfani da ƙarfin ƙafarsu a niƙa hatsi, a wasu wuraren a jawo ruwa, a wasu kuwa babu abin da gangar take juyawa sai wata fanka da aka kafa domin kawai ta ƙara musu nauyi, har fursunonin suna cewa iska suke niƙawa.

BAƘAUYE: (Ya sauke buhu, ya matso ya leƙa ƙarƙashin injin.) Alhaji, ina garin yake fitowa?

ALHAJI: Wane gari kuma?

BAƘAUYE: Ashe kai ma ɗan niƙan iska ne. Fursunan Turawa aƙalla wani lokacin yakan bar tuwo a bayansa, kai kuwa ka ƙona man fetur a janareto, ka ƙona kitse a jikinka, ba a sami ko mudu guda na gero ba. Don girman zumunci gaya mini gaskiya, wane laifi ka aikata, kuma wace kotu ce ta yanke maka wannan hukunci?

ALHAJI: Da kuɗina na saye shi, Tanko, kuma ba zan faɗi adadin ba, domin idan ka ji sai ka ce in ba ka rancen taki.

ƊAN BOKO: Ya kai kuɗin bijimi, Kawu.

ALHAJI: Kai, wa ya tambaye ka?

BAƘAUYE: To, su Turawan, da suka ga abin yana da amfani, sai suka fito da shi daga kurkuku suka kai kasuwa?

ƊAN BOKO: A'a, hana shi suka yi, domin yana karya mutane, wasu su faɗo su ji rauni, wasu su rame su kwanta ciwo. Dokar gidajen yari ta 1898 ce ta kawo ƙarshensa a Ingila, zuwa 1902 an daina amfani da shi. Likitoci ne suka dawo da shi ta wata ƙofa. A 1963 wani likitan zuciya a birnin Seattle na Amurka, Robert Bruce, ya fitar da tsarin gwajin da ake ɗora majinyaci a kan injin, a riƙa ƙara masa sauri da tudu kowane minti 3, ana kallon yadda zuciyarsa take bugawa. Daga nan, a ƙarshen shekarun 1960, wani injiniya a jihar New Jersey mai suna William Staub ya ƙera wanda talaka-talakan Amurka zai iya ajiyewa a gida, ya kira shi PaceMaster 600. Shi kansa ya yi ta hawan abinsa har ya rasu a 2012 yana da shekara 96.

ALHAJI: Ka ji ko, Tanko? Shekara 96!

BAƘAUYE: Na ji, amma ina ganin abin da ya tsawaita kwanansa shi ne kwanciyar hankalin da ya samu daga kuɗin irinku. Kakanmu ma ya kusa kai haka, kuma injinsa fartanya ce.

(A nan Alhaji ya danna maɓallin tsayawa ba tare da ya rage sauri ba, injin ya tsaya, shi kuwa bai tsaya ba sai da tumbinsa ya gaisa da allon. Ya sauko yana dafe da ƙugu, ya ciro waya daga aljihun wando.)

ALHAJI: Duba nan, taku 3,100 kacal, alhali ana bina 10,000 kafin in kwanta. Hajiyarku kuma kowane dare sai ta karɓi wayar ta duba, ta rubuta a takarda domin ta nuna wa likita.

BAƘAUYE: Wayar ce take ƙirga takunka? Wa ya ba ta ido a cikin aljihu?

ƊAN BOKO: Ba ta gani, Kawu, ji take yi. A cikinta akwai wata 'yar ƙaramar na'ura mai jin motsi, wadda ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, kuma ita ce take juya hoto idan ka kwantar da wayar. Duk lokacin da ƙafa ta bugi ƙasa, jiki yakan ɗan girgiza sama da ƙasa, sai manhajar ta lura da girgizar da take maimaituwa a jere, ta lissafa ta a matsayin taku.

BAƘAUYE: To, shi wannan 10,000 ɗin, a wane littafi aka saukar da shi?

ALHAJI: Likitocin duniya ne suka taru suka yanke.

ƊAN BOKO: Gafarta, Baba, 'yan kasuwa ne suka yanke. Bayan gasar Olamfik da aka yi a Tokiyo a 1964, hankalin mutanen Japan ya karkata ga motsa jiki, sai wani kamfani mai suna Yamasa ya fito da 'yar na'urar ƙirga taku a 1965, wadda ake maƙalawa a ƙugu, ya raɗa mata suna manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku 10,000. Lamba ce cikakkiya mai daɗin faɗi da sauƙin tunawa, ta shiga bakin mutane, ta tsallaka teku, yau ga ta a cikin kowace waya da kowane agogon hannu tana hana manya barci.

(Duk wanda ya san 'yan kasuwa zai yi hasashen abin da ya biyo baya. Maimakon Alhaji ya fusata, sai fuskarsa ta cika da girmamawa, har ya gyara zaman hularsa.)

ALHAJI: Allah ya yi wa wannan kamfani albarka, domin sun san sana'a. Sun fara sayar wa mutum da bashi, sannan suka sayar masa da abin da zai riƙa ƙirga bashin. Mu ma a Kantin Kwari idan atamfa ta ƙi tafiya, suna mai daɗi muke raɗa mata, kafin mako ya zagayo sai ka ga mata suna layi suna tambayarta. Amma ni shekara 60 ina ciniki ban taɓa sayar da lamba tsagwaronta ba.

BAƘAUYE: Ka ga bambancinka da su ke nan. Su sun sayar, kai ka saya.

ƊAN BOKO: Sai dai ba a ce tafiyar banza ce ba, domin taku 10,000 ya kai kusan kilomita 8, kuma duk wanda yake yin haka kullum jikinsa zai gode masa. Abin da masu bincike suka gano shi ne amfanin yana farawa tun kafin a kai can. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta jami'ar Harvard da abokan aikinta sun bi diddigin mutum kusan 17,000, suka ga masu yin taku 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, amfanin yana ƙaruwa har zuwa wajen 7,500, daga nan sai ya daidaita.

ALHAJI: Alhamdu lillahi, an yi mini rangwamen 2,500! Rubuta wannan ka kai wa uwarka yanzu.

ƊAN BOKO: Baba, ban ƙarasa ba. Mutanen da aka yi binciken a kansu duk mata ne tsofaffi, matsakaicin shekarunsu 72.

BAƘAUYE: To, ai ya dace da Alhaji, domin yadda na ga yana saukowa daga injin nan, ko gwaggonmu ta fi shi zafin nama.

ALHAJI: Ci gaba da zagina, Tanko, taubasantaka ce ta cece ka. Amma zo kusa, akwai magana. Kai a rana tafiyar me kake yi?

BAƘAUYE: Idan ina gida, daga ɗaki zuwa gona, daga gona zuwa rijiya, daga rijiya zuwa neman jakin da ya tsinke. Idan na shigo birni kuwa, daga tasha zuwa nan a ƙafa na zo da buhun nan, domin mai adaidaita ya faɗi kuɗin da ya sa na tuna ina da ƙafafu.

ALHAJI: (Ya rage murya.) Tunda kwana 3 za ka yi, ka riƙa saka wayar nan a aljihunka duk inda za ka, da magariba ka dawo mini da ita. Kai ba ka yi asarar komai ba, ni kuma Hajiya ta sarara mini.

BAƘAUYE: Yanzu ka yi maganar kasuwa. Kowane taku 1,000 mudun shinkafa, idan da buhu a kaina mudu ɗaya da rabi, idan kare ya biyo ni kuwa sai mu sake ciniki.

ALHAJI: Mudu guda a kan 5,000, kuma abincinka a gidana kake ci.

ƊAN BOKO: Baba, likita yana da sikeli da abin awon jini, waɗannan kuwa ba a saka su a aljihun wani. Bayan haka manhajar da na saka maka tana zana taswirar duk inda wayar ta bi, unguwa-unguwa, har da tsawon lokacin da aka tsaya a kowace ƙofa.

BAƘAUYE: Har da tsayuwa? To, Alhaji, gara in faɗa maka tun yanzu, kowace yamma akwai wata bazawara da nake zuwa gaisarwa a Kurna, kuma gaisuwar takan kai awa 2.

ALHAJI: La haula! So kake Hajiya ta ga wayata ta tsaya awa 2 a ƙofar bazawara?

HAJIYA: (Ta ɗaga labule ta shigo da tiren abinci.) Sannu da zuwa, Malam Tanko, yaya mutanen gida? Kada ka wahalar da kanka da wannan kwangila, domin an riga ka. Jiya wayar Alhaji ta nuna taku 14,000, kuma taswira ta nuna ya je makarantar Islamiyya, ya biya wurin markaɗe, sannan ya zagaya filin ƙwallo sau da yawa da gudu, duk a lokacin da nake jin minsharinsa a ɗaki. Da na tambayi Auta, sai ya ce Baba ya ce sirri ne.

BAƘAUYE: Yaro ɗan shekara 9 ka ɗauka aiki, Alhaji? Nawa kake biyansa?

ƊAN BOKO: Alewa 2, Kawu, ita ma bashi.

HAJIYA: Wannan tuwon na Malam Tanko ne. Naka, Alhaji, yana kicin a rufe, kuma saura taku 6,900 tsakaninka da shi.